Sawun Keke a Hanyar Goggo

Yaran gidan nan sun ɓoye mini famfon kekena. Na san su ne, domin famfo ba shi da ƙafa, kuma tun ina saurayi wuri ɗaya nake rataye shi, a ƙusar da ke bayan ƙyauren zaure. Babban ɗana, wanda na sa wa sunan mahaifina muke ce masa Abba, shi ne uban gayyar. Shekaranjiya ya zo ya durƙusa a gabana da muryar nan tasa ta ofis, wai, "Baba, don Allah ka hutar da keken nan haka. Ga mota a ƙofar gida, ga mai tuƙa ka. Mutane sai su ce mun kasa riƙe ka." Na ce masa, "Mutanen nan da kake faɗi, a cikinsu wa ya taɓa hura mini taya?" Ya sunkuyar da kai ya tashi. Washegari na nemi famfo sama ko ƙasa na rasa. To, tunda abin ya zama haka, bari in faɗi abin da ya sa nake hawa keken nan, wanda ya ji ya ji, wanda bai ji ba kuma ya matsa mini in wuce.

Zariyar da na buɗe ido na gani, keke shi ne abin hawan mutumin kirki. Malamin makaranta da akawu da maɗinki, har liman, kowa ya naɗe bakin wandonsa ya hau. In gari ya waye a lungunmu na Ƙofar Galadima, abin da kunne ke ji shi ne luguden mata a bayan katanga, da dum-dum ɗin mabuga suna bugun riguna, da kukan sarƙar keken wani da ya yi rowar mai. Yanzu fa? Tun kafin ka shafa addu'ar asuba an fara danna maka oda a ka, babur na zagin keke mai ƙafa uku, keke mai ƙafa uku na zagin mota, lungun da jaki biyu ke wucewa cikin mutunci ya zama fagen dambe. Mahaifina, Baba, sana'arsa manyan riguna. Ya sayi yadi, ya sa a yanka, a zana aikin, sannan ya ɗaure su a kariyar baƙin kekensa mai sanda biyu ya kai wa masu ɗinkin hannu na ƙauyuka, in sun gama ya je ya kwaso. A kan ƙunshin rigunan nan na fara zama, ƙafafuna a wage don kada taya ta ci mini diddige, ina rungume da ƙugunsa ina shaƙar warin shuni da zufa.

Hawan keke a wurin Baba karatu ne mai dokoki, kuma da ranƙwashi ya koya mini su. Ba a kaɗa wa babba ƙararrawa. Yakan ce, "Ƙararrawa ta akuya ce da yara. In ka ga furfura a gabanka, bakinka ciwo yake yi? Yi sallama." Ba a wuce majalisar dattawa a kan sirdi, sai ka sauka ka tura. In hanya ta ratsa gonar mutum kuma ka tarar da shi a ciki, ko da ka haife shi, ka sauka ka ce masa barka da aiki, domin a gefen abincinsa kake tafiya. Ni lokacin nan haushi abin ke ba ni, mu hau mu sauka, mu hau mu sauka, kamar masu ciwon baya. In na yi ƙunƙuni sai ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ka miƙe, tsawonka na nan."

A cikin hanyoyin da muke bi akwai wadda ta fi kowacce shiga raina, ita muke kira hanyar Goggo. In ka fita ƙofar gari ka wuce inda ganuwa ta zube, sai ka bar titin mota a hannun hagu ka faɗa wata 'yar turba da faɗinta bai fi tabarmar salla ba. Daga nan duniya ta yi tsit. Babu hayaƙi, babu wanda zai ce maka kauce. Abin da za ka ji sai shuuu ɗin taya a kan jar ƙasa, da kukan kurciya, da wani manomi can nesa yana yi wa shanunsa magana. Turbar tana bin tudu ne, ta kewaye ɗorawa, ta bi ta gindin wani rimi da muke shan ruwa a inuwarsa, ta gangara gefen fadamar rake inda ƙanshin mazarƙwaila ke tare ka tun daga nesa, sannan ta sake hawa. Da damina dawa takan rufe ka ta ko'ina, ganyenta na marin fuskarka, raɓa na jiƙa maka gwiwa. Wallahi ban taɓa jin hankalina ya kwanta a wani wuri ba kamar yadda yake kwanciya a kan turbar nan.

Ba don daɗi kawai ake bin ta ba. Ƙauyen da take kaiwa yana tsakanin rafuka biyu ne. Da rani mota takan zagaya ta tsallaka ta kan yashi, amma da ruwa ya sauka rafukan suka kawo, to babu shiga babu fita sai ta wannan tudu. Ta nan ake fito da mai naƙuda, ta nan ake shiga da gishiri da kananzir. Duk da haka manoma ba sa barin ta ta huta, kowace shekara sai garma ta ɗan gutsiri gefenta. Shi ya sa ko babu rigar kaiwa Baba ba ya yin nisa da ita. Yakan ce mini, "Hanya ba ta da takarda. Sawu ne shaidarta. Ranar da aka daina taka ta, ranar ta zama gona."

Goggo yayar Baba ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa. Idanunta sun daɗe da tafiya. Ita kaɗai ce babbar da Baba ke kaɗa wa ƙararrawa, shi ma da umarninta. Akwai wata kuka a bakin ƙauyen, ta ce in ya iso gindinta ya kaɗa, don ta samu ta gyara ɗaurin kallabi kafin ya shigo. Yana da wani salon kaɗawa, gajere-gajere sannan ya ja ta ƙarshe. Kafin mu jingine keke za mu ji muryarta daga ɗaki, "Auta, ka rame ko ka yi ƙiba? Zo in taɓa in ji."

Na zama saurayi, na samu aikin akawu, na sayi nawa keken, sai zamani ya fara juyawa. Rayuwa ta yi tsada, samari suka fara kabu-kabu da babur, ƙananan motocin haya suka cika titi. Masu zuwa ƙauye suka gwammace su cusa kansu a mota kamar buhunan albasa da su taka feda. Turba ta fara shiru irin wanda ba na daɗi ba. Ana cikin haka, bayan an gama girbi, Baba ya faɗi a zaure yana alwala. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace, ƙafar sai dai ya ja ta. Duk ranin nan muna tsakanin asibiti da masu magani. Dattawan gida suka yanke shawarar kada a gaya wa Goggo, wai tsohuwa ce, kada zuciyarta ta buga. In na je gaishe ta sai in ce aiki ne ya riƙe shi.

Ruwan farko ya sauka, rafuka suka fara kawowa. Wata safiya Bafillatanar da ke kawo mana nono daga wajen ƙauyen ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, ƙafafunta duk taɓo, tana faɗa tun kafin a ba ta ruwa. Baba na kwance a tabarma a ƙofar ɗakinsa. Ta ce, "Aradu yau na sha wuya! Hanya ta ɓata. Wani Alhaji ya sayi gonakin tudu, ya kawo motar noma ta bi ta kan komai." Sannan ta juya wajen Baba, ba ta san ana ɓoye wani abu ba, ta ce, "Tsohuwa kuma ta ba ni saƙo. Ta ce a gaya wa Auta, in laifi ta yi masa ya zo ya faɗa mata da bakinsa, ta gaji da kasa kunne a banza." Ina kallon Baba. Sai hawaye ya gangaro ta idon nan da ba ya rufuwa sosai.

A ranar na hau keke na je na gani. Daga rimin nan har gangaren fadama babu turba babu alamarta, jar ƙasa ce a kwance an barbaje ta. Mai gonar wani ɗan kasuwa ne da ake kira Alhaji Mai-taki. Na same shi na gaishe shi na yi bayani, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Samari, ni gona na saya, ban ga an rubuta hanya a ciki ba. Ku bi titi mana, don wa aka yi shi?" Na ce titi a bakin rafi ya tsaya. Ya ce to sai mu jira rani. Raina ya ɓaci, na wuce gidan mai unguwar yankin. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, ni abin da na gada shi na sani. In akwai sawu, hanya ce, babu mai shuka a kan hanya. In kuwa iri ya riga ya shiga ƙasa, abinci ne, babu mai taka abinci, ko ni ban isa ba. Yanzu babu sawu, babu iri. Ruwa na gaba Alhaji zai yi shuka. Ka ji abin da na ce?" Na ce na ji.

Da na mayar wa Baba, sai ya yunƙura ya zauna da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Maganarsa ba ta fita sosai, amma wannan kowa ya ji ta. Ya ce, "Gobe za ka kai ni." Mahaifiyata ta ce, "Malam, a wannan halin? Ka rufa mana asiri." Ya ce, "Zumunci a ƙafa yake. Guda ta rage mini, ta isa." Na tafi wajen Malam Iro mai gyaran keke, abokin Baba tun na ƙuruciya, wanda rumfarsa ke bakin lungunmu, don ya ɗaure mini kariya da kyau. Da ya ji dalili sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Kai kaɗai za ka yi sawun? Kai ɗan tsako ne? Bar ni da mutane." Duk wanda ya kawo faci a yinin nan sai da Malam Iro ya ɗaure shi da alkawari.

Da aka idar da sallar asuba na fito na ga abin da ban taɓa gani ba. Lungunmu cike da kekuna har bakin masallaci. Ga mabuga, ga masu ɗinki, ga malamin da ya koya mini karatu, ga wani tsohon masinja da kekensa ba shi da birki sai dai ya sa ƙafa. Muka ɗora Baba a kariyata, aka zagaya rawani aka ɗaure shi a jikina, hannunsa mai lafiya ya riƙe ƙuguna. Na ji nauyinsa a bayana, bai kai ƙunshin riguna ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin da hadari. Muka fita ƙofar gari a jere, sarƙoƙi na ta kuka.

Mun tarar da Alhaji Mai-taki ya riga mu. Yana tsaye a bakin gonar daidai rimi, ga buhunan iri, ga 'yan ƙwadago riƙe da sungumi suna jiran ruwa ya sauka su fara sara. Da ya hango mu ya taho da sauri yana ɗaga hannu. Ni a raina na ce in taka feda in ratsa ta gabansa, in ya so duk abin da zai faru ya faru. Sai na ji Baba ya ƙwanƙwashe ni a baya. Ya ce, "Sauka. Mai gona na ciki." Na ce, "Baba, wannan?" Ya ce, "Kwance ni." Aka kwance rawanin, aka sauke shi, ya dafa sirdi da hannun dama ya tsaya yana rawa kamar kara. Duk jerin mutanen nan kowa ya sauka daga kekensa.

Alhaji ya iso yana huci. "Malam, lafiya? Ina za ku da wannan gayya? Nan gona ce!" Baba ya dube shi ya ce, "Salamu alaikum, Alhaji. Barka da aiki." To, Musulmi ne, an yi masa sallama a gaban jama'a, ya zai yi? Ya ce, "Wa alaikumus salamu, amma..." Baba ya ce, "Mun sauka maka. Ladabi naka ne, mun ba ka. Hanya kuwa ba taka ba ce, ba tawa ba ce." Ya ce da ni, "Tura." Na tura keke cikin ƙasar nan mai laushi, shi kuma yana dafe da sirdi, ya ɗaga ƙafar dama ya ja ta hagu, ya ɗaga ta dama ya ja ta hagu. Da na waiwaya sai na ga ƙafar nan da ta mutu tana zana layi a jar ƙasa, daidai inda turba take a da, har da 'yar karkatar da take yi wajen ɗorawa.

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Malam Iro ya iso gabansa yana tura keke. "Salamu alaikum, Alhaji! Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya ruwa?" Alhaji ya ce, "Ruwa ya yi gyara," kamar an matse shi. Kafin ya haɗiye yawu na bayansa ya kawo tasa sallamar, na bayan wannan ma haka. Kowa sai ya tsaya ya gaishe shi tsaf, sannan ya ɗora tayarsa a kan layin Baba. Bawan Allah nan ya yi ta amsa sallama har muryarsa ta dishe, bai samu sararin zagin ko mutum ɗaya ba. Da na ƙarshe ya wuce sai ya juya ga 'yan ƙwadagonsa ya ce su sare wurin su zuba iri yanzu-yanzu. Babbansu, mutumin ƙauyen Goggo ne, ya jingine sunguminsa a kafaɗa ya ce, "Alhaji, ko'ina ka nuna za mu sara. Amma ba ma sara a kan sawun mutane."

Sai da Baba ya ja ƙafar nan har ƙarshen gonar. Sau da yawa na ce ya hau, ya ƙi. Yatsun ƙafarsa duk sun fashe, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa kamar ana zuga wuta. A gangaren fadama muka sake ɗaure shi, yayyafi ya fara. Da muka iso gindin kuka na sa babban yatsa na kaɗa ƙararrawa, ina ƙoƙarin kwaikwayon salonsa. Daga cikin gida muka ji muryar Goggo, "Wane ne wannan? Ba hannun Auta ba ne." Baba ya saki ƙuguna, ya miƙo hannunsa ta ƙarƙashin hammatata, ya lalubo ƙararrawar. Gajere-gajere, sannan ya ja ta ƙarshe. Sai ga tsohuwa ta fito tana dafa bango, ko kallabin ba ta tsaya ɗaurawa ba. Ta shafa fuskarsa, yatsunta suka tsaya a bakin da ya karkace. Ta ce, "Wannan ne kuka ɓoye mini? Ni da na wanke maka kashi?" Suka zauna a ƙasa su biyu suna kuka, ruwa na zuba a kansu, mu kuma muka juya baya muna kallon kekunanmu.

Ganinsu na ƙarshe ke nan. Baba bai ga girbin shekarar ba. Amma masarar Alhaji ta fito ta yi kyau dama da hagu, turba na tsakiya, kuma ta kanta aka ɗauko Goggo a kariyar Malam Iro ta zo ta zauna zaman makokin ƙanenta.

Yau in ka je wurin ba za ka gane shi ba. An sare rimi, an yanka gonakin fuloti-fuloti, bulo ya tsiro inda dawa take. An yi wa ƙauyen gada ta can gefe, Goggo ta daɗe a ƙasa, Malam Iro ma haka. Abba yakan ce, "To Baba, wa ya rage maka a can da kake zuwa gani?" Ga amsar da ban ba shi ba. Bara da damina na tarar da wani magini ya ja igiyarsa zai kafa katanga, yaro ne ƙarami, bai san ni ba, bai san Baba ba. Na sauka na yi masa barka da aiki. Na lura igiyar ta kauce, ta bar wani ɗan tsakani da bai fi faɗin tabarmar salla ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baba, sawun keke na gani a nan, na ce ko hanyar mutane ce." Sawun nawa ne. Babu wani sai nawa. Ta wannan tsakanin yaran ƙauyen ke yanke zuwa makaranta, ba su ma san sunan hanyar ba.

Saboda haka ku je ku gaya wa Abba, motarsa ba ta shiga wurin, in ma ta shiga ba irin sawunta ake nema ba. In kunya nake ba shi, ya sa hula ya rufe ido in na wuce. Kakansa da ƙafa ɗaya ya ja hanyar nan, ni ina da biyu. Jiya na ji an sauke yashi da bulo a gefen fadama, ga shi kuma gabas ta fara haɗa hadari, ruwa ɗaya ya isa ya shafe sawun makon jiya. Ku fito mini da famfona. In kun ƙi, wallahi a haka zan tura shi, taya ba iska ma tana barin sawu.